Baje kolin zane kan muhalli a tsohon gidan ƙasa, ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanwarka ce daga Kano. Mu ƙungiya ce ta matasa masu zane da ɗaukar hoto, an ba mu aron wani tsohon gidan ƙasa a cikin birni da ya haura shekara ɗari, na tsawon wata ɗaya, muna so mu yi baje kolin ayyuka a kan muhalli, wato shara da leda da ambaliya da sare itatuwa. Ni aka ɗora wa tsara wurin. Tunanina mu shafe bango da farin fenti, mu kafa hotuna, mu shigo da tukwanen shuke-shuke da ɗan wurin ruwa mai gudu a zaure, mu sa AC ko da guda biyu ne. Amma gidan akwai duhu kuma ɗakunan ƙanana ne. Dan Allah ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi albarka, gaskiya na ji daɗin wannan tambayar sosai. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya a dunƙule, yadda za ki tsara wurin har mutane su shigo su fita da wani abu a ransu, da kuma yadda za ki mayar wa masu gida gidansu lafiya lau bayan wata ɗaya. To ni a wurina na biyun ne ke ba da amsar na farkon, kuma zan faɗa miki tun yanzu ba ɓoye-ɓoye, farin fenti da ƙusa da ruwa mai gudu da AC duk ki ajiye su gefe. Ba don ra'ayinki ba shi da kyau ba, a'a, tsarin da kika zayyana na ɗakin baje koli ne na zamani, mai farin bango wanda aka gina don ya yi shiru a kalli abin da aka rataya masa. Gidan da aka ba ku shi ba shiru zai yi ba, kuma a kan maganar muhalli ma ya fi duk wanda ke cikin ƙungiyarku abin faɗa.

Ki fara da sanin da me aka gina gidan

Ki je ki tsaya a zauren ki ɗaga kai. Waɗancan itatuwan da kike gani a jere a rufi azara ce, daga giginya ake tsago ta, kuma magina sun zaɓe ta ne saboda gara ba ta cika iya mata ba, ga ƙarfi. Ɗakunan da kika ce ƙanana ne ba rowa ce ta sa aka yi su haka ba, azara in babu abin da ya tallafe ta ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa fiye da tazarar mita biyu ko ƙasa da haka, shi ya sa in ana son babban ɗaki sai an yi dabarar bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasasshen gini mai siffar baka da ke tallafe rufin, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshe da shi a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Bangon kuma tubali ne, wanda aka mulmula da hannu aka shanya a rana. Yaɓen waje akwai makuba, daga kwasfar ɗorawa. In gidan masu hali ne za ki tarar da laso, wato yaɓen da ke hana ruwa shiga, a rufi ko a zanko, shi kuma haɗi ne na katsi da ake kwasowa daga ƙasan karofin marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan wani tsiro mai danƙo da ake kira dafara. Ki duba fa, sharar marina da sharar majema ita ce simintin kakanninmu, yau ga shi ana ta taro a otal-otal ana kiran a riƙa sake amfani da shara.

Sai babbar tambaya wadda nake so ki riƙe, ƙasar da aka gina gidan nan daga ina aka haƙo ta? Daga kududdufin unguwa. Yawancin tsofaffin kududdufai a cikin birnin Kano ramukan da gidaje da ganuwa suka fito ne, kuma su ne ke shanye ruwan damina in an yi mamako. Yanzu an cike su da bola da leda an yanka filaye an yi gini a kai, ruwa ya rasa inda zai je sai cikin ɗakunan mutane, sai gindin irin wannan bangon ya jiƙa ya zube. Kin ga shara da leda da ambaliya da sare itatuwa, duk abubuwa huɗun da kika lissafa, suna nan a jikin gidan tun kafin ku rataya ko hoto ɗaya. Giginya ta yi ƙaranci azara ta yi tsada, ɗorawa ana sarewa ana gawayi makuba ta yi wuya. In kika shafe wannan da farin fenti kin rufe bakin babban mai ba da shaida kenan.

Don haka aikinki na farko ba da masu zane ba ne, da magini ne, na gargajiya wanda ya san ƙasa, in da hali ta hannun Sarkin Magina ko wani dattijo da ya gaji sana'ar. Ku zaga ɗaki ɗaki ya ƙwanƙwasa bango ya gaya miki inda ya yi kogo, inda azara ta fara lanƙwasa, inda gara ta taɓa bi, inda indararo ya toshe. Ki ɗau hoton kowane bango da kowane tsagi da ruler a gefensa, da kwanan wata, ki ba masu gida kwafi ku sa hannu. Wannan shi ke raba rigima ranar tashi. Sannan ki bincika ko gidan yana cikin gine-ginen da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, don irin su Gidan Makama, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau sarauta a 1463, suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, Gidan Ɗan Hausa kuma yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha, irin waɗannan ko ƙusa ɗaya ba a bugawa sai da izini a rubuce. Ko gidan naku na iyali ne kawai, ki je ki gaida mai unguwa da maƙwabta tun kafin a fara shigo da kaya.

Me ya sa ruwa da fenti da AC ba za su yi ba

Bangon ƙasa numfashi yake yi. Da damina yana shan laima daga ƙasa da iska, da rani ya fitar da ita a hankali ta fuskar yaɓe. Fentin mai ko fentin roba na zamani, haka ma yaɓen siminti, suna toshe wannan hanyar, laimar ta maƙale a ciki, gishirin ƙasa ya taru, sai wata rana ki ga fentin ya kumbura ya ɓanɓaro tare da ƙasar bayansa kamar ɓawon rogo. Kuma ba ya cirewa, in an shafa an shafa kenan. A wannan sana'ar akwai ƙa'ida da kowa ya yarda da ita, duk abin da za ka ƙara wa tsohon gini ya zama wanda za a iya cire shi ba tare da ya bar tabo ba. Ki auna duk wata shawara da wani zai kawo miki da wannan ma'aunin.

Ruwa mai gudu a zaure kuwa, ki yi haƙuri, shi ne mafi haɗari a duk lissafinki. Ba sai tiyo ya fashe ba, fallatsin da ke sauka a daɓe kullum na wata guda ya isa ya jiƙa gindin bango, kuma gindin bango shi ne ran ginin ƙasa. Tukwanen shuka ma haka, ana ba su ruwa yana tsiyaya, ga ƙasar lambu tana zuwa da gara da tururuwa. In kuna son tsirrai masu rai, kuma ya kamata a ce akwai, ku kai su tsakar gida inda rana take, a kan benci ko faranti mai tare ruwa, nesa da bango kamar taku uku. Dashen gawo da ɗorawa da giginya da kuka, wanda duk ya zo ranar rufewa a ba shi ɗaya ya tafi da shi.

AC kuma matsalarsa uku ce. Sai an huda bango, yana ɗigar ruwa, sannan yana sa ɗaki ya yi sanyi da bushewa da rana in an kashe da dare ya koma yadda yake, wannan hawa da saukar ita ke fasa yaɓe da tsohon katako. Ga nauyin wuta, gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasar Brazil a Satumbar 2018 binciken da aka yi daga na'urar sanyaya ɗaki ya ce ta tashi. Ke da kike da bangon ƙasa mai kauri, ai kina da abin nunawa, ki rataya ma'aunin zafi ɗaya a ƙofar gida ɗaya a cikin soro, a sa allo a riƙa rubuta abin da suka nuna da azahar kullum. Mutum ya shigo daga rana yana gumi ya ji sanyi ya ratsa shi, ya karanta lamba da idonsa, ba wata lacca da za ta kai wannan. Ki zaɓi lokaci dai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, bango ya bushe daga damina kuma zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 bai zo ba, sai dai ƙurar hunturu, ita kuma labule a ƙofa da shara a hankali da tsintsiya mai laushi ya ishe ta.

Yadda ake rataya abu ba tare da an taɓa bango ba

Ni a aikina duk abin da zan nuna a irin wannan gini da ƙafarsa yake tsayawa. Ki sa kafinta ko mai walda ya yi miki firam mai ƙafafu masu faɗi, a danne ƙafar da buhun yashi, a shimfiɗa tabarma ko tsumman bargo a ƙasa don kar ya ƙwarzane daɓe, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango iska na wucewa. Gora ma tana yi sosai, an ɗaure da igiya, kuma ta fi dacewa da ido a ɗakin ƙasa. Kar a rataya komai a jikin azara komai rashin nauyinsa, na san za a ce miki ai zane ne kawai, to tana ɗauke da tan-tan na ƙasa sama da shekara ɗari, ba ki san wacce ce ta gaji ba. Ki duba kuma tsofaffin alkuki da 'yan tagogin da ke jikin bango da dakali, an yi su ne dama don ajiye abu, ƙananan ayyuka su zauna a nan.

Kayan da masu zanenku za su shigo da su ma sai an yi musu tankaɗe. Masu aikin muhalli suna son tsince-tsince, leda daga kwata, tsohon katako, karan dawa, busasshen kututture, buhunan gawayi. Leda a wanke ta da sabulu a shanya ta bushe ƙarau tun a waje. Itace da kara a naɗe su a baƙar leda a bar su a tsakiyar rana na kwanaki zafi ya kashe ƙwarin ciki, kuma in an shigo da su kar su taɓa ƙasa, a ɗora a kan dutse ko ƙarfe, don gara in ta samu hanya daga karan ku zuwa rufin mutane kun bar musu masifar da za ta daɗe bayan kun tafi.

Duhun da kike kuka da shi ni dai da za a ba ni saye zan yi. A gidajen tarihi kuɗi ake kashewa a rage haske, domin takarda da rinannen zane da hoto haske na cinye launinsu, ma'aunin da ake bi wa irin waɗannan shi ne wajen lux 50 (lux shi ne awon ƙarfin haske), zanen fentin mai kuma har zuwa 200, akwai manhajar waya da za ta ba ki kimantawa. Ki samu ƙananan fitilun LED masu caji, masu haske ja-ja ba fari fat ba, farin haske yana kashe launin jar ƙasa ya mai da ɗaki kamar asibiti. Ki ajiye fitila a ƙasa ta haska bango a karkace ki ga yadda shatin yatsun mai yaɓe zai fito, wallahi mutane sukan tsaya a nan fiye da gaban hoto. Faranti biyu na sola a tsakar gida da batir sun ishe ku fitilu da majigi ɗaya. In dole sai janareto to can waje nesa da bango saboda girgiza da hayaƙi, wayoyi kuma a bi da su ta ƙasa cikin bututun roba, ba a binne a bango ba. Kyandir da fitilar aci-bal-bal da turaren wuta a ɗaki mai rufin azara cike da busasshen kara, babu. A ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi a kowane sashe, kuma masu tsaron su san yadda ake amfani da su.

Bari gidan ya tsara miki tafiyar

Gidan Bahaushe dama a jere yake, zaure, ƙofar gida, shigifa, tsakar gida, sannan ɗakuna, kuma ƙofofin ba sa kallon juna, sai ka karkata kafin ka ga na gaba. Masu tsara baje koli a waje bangon katako suke ginawa don su samu wannan. Da ni ne, zaure ba zan cika shi ba, abu ɗaya tak, tulin ƙasar gini da tubali uku ko huɗu da guntun azara da kwasfar ɗorawa da katsi a ƙwarya, a bar mutane su taɓa, da rubutu gajere cewa da waɗannan aka yi ɗakin da kake tsaye a ciki. Ɗaki na gaba kududdufi, hotunan da masu ɗaukar hotonku za su yi na waɗanda suka rage da waɗanda aka cike, da muryar tsofaffin unguwa a ƙaramar lasifika suna faɗin inda ruwa yake tsayawa da, a hankali fa, ba mai dukan ƙirji ba. Daga nan rafin Jakara da ke ratsa birni da ledar da ke cikinsa, da ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai. Ɗakin da ya fi duhu a ba wa itatuwa. Sai a fito tsakar gida a samu haske da dashe, a nan za ki iya kawo labarin manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu suna kula da shi tun shekarun 1980 har fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo, don kar mutum ya fita da baƙin ciki zalla.

Ɗaki ɗaya aiki ɗaya, ko biyu in sun yi yawa. Na san wannan shi zai jawo miki rigima da 'yan ƙungiya don kowa na son nasa ya shiga, amma gara ku raba watan gida biyu ku sauya kaya a tsakiya da ku cusa komai lokaci ɗaya. Kuma ki matsa musu su zo su zauna a gidan su yi aiki don ɗakin da aka ba su, ba su kwaso abin da ke ajiye a gida ba. Ki nuna musu aikin Ibrahim Mahama na Tamale a Ghana, wanda ke ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi ya lulluɓe gini da su, ya yi a tsofaffin gine-ginen ƙofar gari a Kassel ta Jamus a 2017 da Milan ta Italiya a 2019, da El Anatsui da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, wanda ya saƙa marafan kwalabe ya rufa wa fuskar wani tsohon gida a Venice ta Italiya a 2007. Ba don su kwaikwaya ba, gininku ba zai ɗau wannan nauyin ba ma, don su ga yadda mai fasaha ke fara kallon gini kafin ya yanke abin da zai yi.

Rubutun bayani da Hausa, boko da ajami, Turanci a ƙasa ƙanana, kuma kar ya wuce layi huɗu ko biyar. A kan allon katako ko takarda, ban da banar roba, don abin kunya ne a yi baje kolin yaƙi da leda a tashi a bar buhu goma na bana da ledar fiya wata. Ruwan sha a randa da moɗa a tsakar gida, a kan mazauni mai tare ɗigo. Mutum goma zuwa sha biyar a lokaci ɗaya, 'yan makaranta a raba su rukuni, kowane ɗaki da mai tsaro ɗaya wanda zai iya bayani kuma ya hana jingina da bango, don kafaɗa da jakar goyo su ke goge ado a ƙofofi. Dokin ƙofa mai tsayi a yi masa gangaren katako na ɗauka a ajiye saboda tsofaffi da masu keke. Ki tuna kuma cikin birni kike, a tsaya lokacin sallah, a ware wa matan unguwa lokacinsu ko da yamma ɗaya ce a sati, su ne fa suka fi kowa sanin inda ruwa ke shiga gida, sannan aikin da ya shafi mutum-mutumi ku tattauna shi da masu gida tun wuri.

Inda maganata ta tsaya

Duk wannan daga bayaninki na gina shi, gidan ban gan shi ba, kuma ni mai tsara baje koli ne ba magini ko injiniya ba. In akwai bene kar ki hau da kowa sai wanda ya san gini ya duba ya ce eh, in ya ce eh ɗin ma ya faɗi mutum nawa. In kin ga tsagi da ya ratsa daga sama har ƙasa, ko rufi ya yi ciki, ko garin ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, a rufe wannan ɗakin kawai a sa igiya a ƙofa mutane su leƙa daga waje. A kasafin kuɗinku ki ware kaso na gyara tun farko, ko da na yaɓen gindin bango ne da buɗe indararo kafin damina, a biya maginin da ya zaga da ke ya yi. Ki ba kwashe kaya kwana uku ba ɗaya ba, don yawancin ɓarnar da nake gani ranar tashi ake yin ta, kowa ya gaji ana jan firam ana bugun ƙofa. Ki kasance a wurin da kanki da hotunan nan na farko a hannu, ɗaki ɗaki, ke da mai gida.

In kin samu dama ki turo min awon ɗakunan da hoton rufin zauren da na gindin bango ta waje, sai mu ga wanne ɗaki zai ɗauki me. Allah ya taimaka, a gaida sauran 'yan ƙungiyar.